MAWAƘI NA WA NE? TARIHIN ƘUNGIYAR FALL OUT BOY DA KIƊAN SAMARIN AMURKA



GABATARWA

Na san ba za a rasa wanda zai yi mamaki ba, cewa a zauren da aka saba jin batun mulki da tattalin arziki da nazarin harshe, yau kuma sai ga wani ya miƙe zai ba da tarihin waɗansu samari huɗu masu kaɗa jita a ƙasar Amurka. Uzurina shi ne wannan: duk mai son ya san abin da ke cin ran samarin wata al'umma, zai fi saurin gane shi in ya kasa kunne ga abin da suke rerawa sa'ad da dattawa ba su kusa, fiye da in ya tsaya jiran rahoton hukuma. Daɗin daɗawa, tarihin wannan ƙungiya da ake kira Fall Out Boy ya ƙunshi wata tambaya wadda ta girmi jita, ta kuma girmi Amurka ita kanta, watau: mawaƙi na wa ne? Na mutanen da suka fara tafa masa ne tun ba a san shi ba? Ko na mai kuɗin da ya ɗauki nauyinsa? Ko kuwa na kansa ne, ya rera abin da ya ga dama? Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da hujjarsa, kuma za mu ga yadda suka yi ta jan waɗannan samari, kowa na ja ta nasa gefe, har tsawon shekara 20 da 'yan kai.

Zan fara da bayanin irin kiɗan da suka gada, sa'an nan in bi tarihinsu daki-daki, daga bisani in komo kan tambayar da na yi.

ASALIN KIƊAN

A tsakiyar shekarun 1970, kiɗan rok na Turawa ya riga ya zama na manyan taurari masu jiragen sama da waƙoƙi masu tsawon gaske, har yaron unguwa ya daina ganin cewa shi ma zai iya. Sai waɗansu samari suka yi masa tawaye. A birnin Niyok aka kafa ƙungiyar Ramones a 1974, a Landan kuma Sex Pistols suka ɓullo a daidai lokacin da rashin aikin yi ya addabi samarin Ingila. Waƙoƙinsu gajeru ne, da yawa ba su wuce minti biyu ba, masu sauri da ƙara, kuma ba su bukatar gwaninta mai yawa. Wannan shi ne kiɗan da ake kira pank. Aƙidarsa ita ce, kada ka jira wani babba ya ba ka izni: ka ɗauki jita, ka tara abokanka, ka buga faifanka, ka sayar da hannunka.

Daga wannan tushe rassa biyu suka fito waɗanda suka shafi laccarmu. Reshe na farko shi ne na waɗanda suka riƙe saurin pank amma suka zuba masa zaƙin murya da amshi mai sauƙin kamawa, irin na waƙoƙin da gidajen rediyo ke so. Shi ake kira pop-pank. Ƙungiyar Buzzcocks ta Manchesta da Descendents ta Kalifoniya suna cikin waɗanda suka share fagen, amma Green Day ce ta kai shi kasuwa da faifanta mai suna Dookie a 1994, wanda aka sayar da fiye da miliyan 10 a Amurka kaɗai. Ya kamata mu lura da abin da ya same su. Da suka sa hannu a yarjejeniya da babban kamfani, sai ɗan zauren kiɗan nan na titin Gilman a garin Berkeley, inda suka tashi, ya haramta musu hawa dandalinsa. A idon mutanen wurin, sun sayar da kansu. Ke nan tambayarmu ta riga ta kunno kai tun kafin a kafa ƙungiyar da muke magana a kanta.

Reshe na biyu ya fito ne daga wani nau'in pank mai tsananin zafi da ihu, wanda ake kira hadko, wanda ya yi ƙarfi a Washinton da Kalifoniya a farkon shekarun 1980. A wajen 1985 waɗansu makaɗan Washinton suka gaji da dambe da nuna ƙarfi da suka cika wuraren wasa. Ƙungiyoyi irin su Rites of Spring da Embrace suka juya alƙalami daga zagin gwamnati zuwa tonon abin da ke cikin zuciya: kaɗaici, da nadama, da ɓacin rai, da rabuwar masoya. Mutane suka laƙaba wa salon suna imo, wanda aka gutsuro daga kalmar Ingilishi mai nufin sosuwar rai. Abin lura shi ne, kusan babu makaɗin da ya karɓi wannan suna da hannu biyu, domin tun farko da sigar ba'a aka fara faɗarsa. A shekarun 1990 salon ya yi kaura zuwa jihohin tsakiyar Amurka, inda aka sami Cap'n Jazz a yankin Shikago, da The Promise Ring a Milwaukee, da The Get Up Kids a Kansas City. A mahaɗar waɗannan rassa biyu aka haifi Fall Out Boy.

HAƊUWAR SAMARI HUƊU

An kafa ƙungiyar a 2001 a Wilmette, wata unguwar masu hali a arewacin Shikago, cikin jihar Illinois. Wannan kansa abin nazari ne, domin waɗannan ba 'ya'yan talakawa ba ne da yunwa ta koro zuwa kiɗa. Pete Wentz, wanda aka haifa a 1979, ɗan lauya ne, kuma kakansa na wajen uwa, Arthur Lewis, ya taɓa zama jakadan Amurka a Saliyo. Ya karanta kimiyyar siyasa a Jami'ar DePaul, ya bar karatu saura ƙiris ya gama. Joe Trohman, haifaffen 1984, ɗan likitan zuciya ne. Damuwar da suka rera ba ta rashin abinci ba ce, ta yaron da aka ba shi kome ne amma ya rasa wanda zai gaya wa abin da ke damunsa.

Wentz ya riga ya yi suna a tsakanin makaɗan hadko na Shikago, yana jagorantar wata ƙungiya mai suna Arma Angelus. Shi da Trohman suka yi shawarar kafa wata 'yar ƙungiya ta gefe, mai sassauƙan kiɗa, domin su huta da ihu. Ana nan sai Trohman ya gamu da wani yaro a kantin littattafai, wanda ya tsoma baki cikin hirar kiɗa da ake yi. Yaron nan shi ne Patrick Stump, shi ma haifaffen 1984. Ya zo ne da niyyar ya zama mai ganga, domin mutum ne mai kunya, ba ya son tsayawa gaban jama'a. Da suka ji muryarsa sai suka matsa masa ya zama mai rerawa. Na huɗunsu, Andy Hurley, mai ganga daga yankin Milwaukee, ya shigo a 2003. Shi mutum ne mai bin aƙidar nan ta waɗansu 'yan hadko ta ƙaurace wa giya da taba da ƙwaya, kuma ba ya cin nama ko wani abin da ya fito daga jikin dabba.

Sunan ƙungiyar na wani ɗan ƙaramin jarumi ne cikin wasan zane na talabijin mai suna The Simpsons. Suna cikin ja-in-ja a kan sunan da za su ɗauka, sai a ɗaya daga cikin wasanninsu na farko-farko wani ɗan kallo ya ɗaga murya ya kira su da shi, ya kuwa bi su. Watau ko sunan da suke amsawa, masu sauraro ne suka tabbatar musu da shi.

Akwai kuma wani tsari nasu da ya kamata a fahimta. Da farko Stump da Wentz sun yi ta saɓani a kan kalmomin waƙa, kowa na gyara na ɗan'uwansa. Daga baya suka raba aiki: Wentz ke rubuta kalmomi, Stump ke ɗora musu kari da kiɗa, ya kuma rera. Ga mai ciwo yana rubutawa amma ba shi da murya, ga mai murya yana rera ciwon da ba nasa ba. Har ila yau, ba mai rerawa ne ya zama fuskar ƙungiyar ba kamar yadda aka saba, Wentz mai kaɗa jitar bes shi ne 'yan jarida suka fi bi. Wannan rabon aiki shi ne ƙarfinsu, shi ne kuma ya kusa zama ajalin ƙungiyar.

LADAN KUTURU

Shekarunsu na farko na wahala ne: yawo cikin tsohuwar ƙaramar bas daga gari zuwa gari, kwana a ƙasa a gidajen mutane, wasa a ƙananan zauruka gaban 'yan tsirarun yara. A watan Mayu na 2003 suka fitar da faifansu Take This to Your Grave, wanda suka ɗauka a garin Madison na jihar Wisconsin. Ƙaramin kamfani mai suna Fueled by Ramen ne ya fitar da shi, amma akwai wata dabara a ƙarƙashi. Babban kamfanin Island ya riga ya ba da kuɗin somin-taɓi, bisa sharaɗin cewa in abin ya karɓu, faifai na gaba nasa ne. Ta haka ƙungiyar ta sami damar tara masoya a matsayin 'yan gida masu cin gashin kansu, alhali kuwa igiyarsu tana hannun babba. Hausawa na cewa wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wani abin da ya taimake su shi ne zamanin da suka zo a ciki. A daidai lokacin ne intanet ta shiga ɗakunan yaran Amurka, aka kuma buɗe dandalin Myspace a 2003. Wentz ya gane amfanin wannan tun da wuri. Yana rubuta abin da ke ransa a kai a kai, yara na karantawa suna mayar masa da amsa, har kowane yaro ya riƙa jin kamar abokin sirrinsa ne. Sa'an nan ga rangadin bazara na Warped Tour, wanda a wancan zamani yake zagaya biranen Amurka da ƙungiyoyi masu yawa a lokaci guda, inda mai kiɗa ke sauka daga dandali ya tsaya yana sayar da riguna yana gaisawa da masoyansa. Irin wannan kusanci yana gina ƙauna mai ƙarfi, amma yana sa masoyi ya ɗauka cewa yana da haƙƙin mallaka.

ƊAUKAKA DA ABIN DA TA ZO DA SHI

A watan Mayu na 2005 kamfanin Island ya fitar da From Under the Cork Tree. An samo sunan daga wani littafin yara na 1936 mai ba da labarin wani bijimi da ya fi son zama gindin itace da shiga fagen faɗa. Faifan ya shiga jadawalin Billboard a matsayi na 9, waƙoƙinsa biyu suka shiga sahun goma na farko, kuma cinikinsa ya haura miliyan 2 a Amurka. A 2006 aka sa su cikin 'yan takarar kyautar Grammy ta sabon mawaƙi, ko da yake John Legend ne ya ɗauka.

Amma kafin faifan ya fito wani abu ya faru wanda bai kamata a tsallake shi ba. A watan Fabrairu na 2005, Wentz ya sha maganin kwantar da hankali fiye da ƙima yana zaune cikin mota shi kaɗai, har aka kwantar da shi a asibiti. Daga baya shi da bakinsa ya yi bayanin ciwon damuwa da ya daɗe yana fama da shi. Na kawo wannan ne domin ɗalibai su gane cewa baƙin cikin da ke cikin waƙoƙin ba duka ne ado ba. Dubban yara suna ta rawa da kalmomin da mai su ya rubuta yana bakin rami, kamfani kuma yana ƙirga riba.

A watan Fabrairu na 2007 suka fitar da Infinity on High, wanda aka ɗauko sunansa daga wata wasiƙa da mai zanen nan Van Gogh ya rubuta wa ƙanensa. Ya hau matsayi na ɗaya, aka sayar da kimanin 260,000 a makon farko. A nan ne suka fara fita daga shingen da aka yi musu. Muryar farko da ake ji a faifan ta Jay-Z ce, mawaƙin rap, wanda a lokacin shi ne shugaban Def Jam, abokin tarayyar Island. Babyface, gwanin waƙoƙin soyayya na baƙaƙen Amurka, ya sa hannu a tsara waɗansu waƙoƙin. Shi kuwa Stump tun asali ɗalibin muryoyin Michael Jackson da Prince ne, sai ya fara sakin muryarsa ta wannan hanya. Babbar waƙar faifan, wadda ta kai matsayi na 2, gugar zana ce ga fagen kiɗan nasu da ya koma fagen gasa da hassada. A shekarar nan kuma suka je arewacin Yuganda tare da ƙungiyar Invisible Children, suka ɗauki hoton wata waƙarsu a can domin jawo hankali ga yaran da yaƙin yankin ya ɗaiɗaita. Wentz kuma ya kafa nasa reshen kamfani mai suna Decaydance, wanda ya fito da Panic! at the Disco. Wanda ya tashi cikin masu zagin 'yan kasuwar kiɗa, ga shi ya zama ɗayansu.

TSORON DATTAWA

Ya zuwa wannan lokaci kalmar imo ta tashi daga sunan kiɗa ta zama sunan wani irin yaro: baƙaƙen tufafi, matsattsen wando, gashi mai rufe ido ɗaya, da kwalli ko ga maza. Fall Out Boy da My Chemical Romance da Paramore su aka ɗauka a matsayin jagorori, ko suna so ko ba su so. Sai tsoro ya kama manya. A 2008, bayan wata yarinya 'yar shekara 13 ta hallaka kanta a Ingila, jaridar Daily Mail ta kwatanta imo da ƙungiyar asiri mai kai yara ga mutuwa, har masoyan My Chemical Romance suka yi zanga-zanga a Landan. A watan Maris na wannan shekara, ɗaruruwan samari suka far wa yaran imo da duka a garin Querétaro na ƙasar Meziko. A 2012 kuma abin ya kai ga kisa a Iraƙi, inda aka riƙa farautar samari saboda irin askinsu da shigarsu.

A nan ina roƙon ma'aikatan hukuma da ke cikinmu su yi tunani, musamman masu hulɗa da makarantu da harkar matasa. Yana da sauƙi a ga yaro cikin damuwa yana sauraron waƙar baƙin ciki, a ce waƙar ce ta jawo damuwar. Amma wanda ya ga mara lafiya riƙe da kwalbar magani, bai kamata ya yanke hukunci cewa kwalbar ce ta kwantar da shi ba. Yara da yawa sun nemi waɗannan waƙoƙi ne domin a cikinsu suka fara jin wani ya ambaci abin da su suka kasa faɗa a gida. Ba na cewa duk abin da aka rera alheri ne, akwai waƙoƙin wannan salo masu cike da zargin mata da tausayin kai fiye da kima, kuma an soke su a kan haka da gaskiya. Sai dai hana waƙa ba ya warkar da abin da ya sa aka neme ta.

FAƊUWA DA RABUWA

A watan Disamba na 2008 suka fitar da Folie à Deux, kalmar Faransanci da likitocin ƙwaƙwalwa ke nufin haukan da mutum biyu suka yi tarayya a cikinsa. Faifai ne mai faɗin tsari, da baƙi irin su Elvis Costello da Debbie Harry da Lil Wayne, kuma kalmominsa sun rage kallon cikin zuciya sun koma kallon halin ƙasa. Ya tsaya a matsayi na 8, cinikinsa ya gaza na baya nesa ba kusa ba. Abin da ya fi ciwo shi ne, a wuraren wasa waɗansu masoya suka riƙa yi musu ihun ƙi in sun fara sababbin waƙoƙin. Waɗanda suka raine su suna cewa ba haka muka san ku ba.

A cikin gida kuma zama ya yi tsami. Wentz ya auri mawaƙiya Ashlee Simpson a 2008, jaridun tsegumi suka mai da shi abincinsu, har labarin aurensa ya danne labarin kiɗan. Trohman yana jin an mai da shi ɗan rakiya a wajen tsara waƙa. Shekara takwas ke nan suna tare dare da rana, kuma zo mu zauna, zo mu saɓa ne. A ƙarshen 2009 suka ba da sanarwar dakatawa ba tare da sa ranar komowa ba.

Kowa ya kama gabansa. Trohman da Hurley suka haɗu da waɗansu makaɗan Anthrax suka kafa The Damned Things. Wentz ya kafa Black Cards, aurensa kuma ya mutu a 2011. Stump ya zuba kuɗin aljihunsa ya yi faifai nasa na kansa mai suna Soul Punk a 2011, shi ya rubuta, shi ya kaɗa kowane abin kiɗa da ke ciki. A nan ne mawaƙi ya zama na kansa ɗari bisa ɗari, kasuwa kuwa ta juya masa baya. A watan Fabrairu na 2012 ya rubuta wata doguwar takarda mai ban tausayi, inda ya bayyana yadda waɗansu ke sayen tikiti su zo wurin wasansa domin kawai su gaya masa cewa sun fi son sa lokacin da yake da ƙiba. Yana ɗan shekara 27 aka riga aka mai da shi tsohon labari. Wannan takarda tana cikin abin da ya sa Wentz ya neme shi, suka koma rubutu tare.

KOMOWA

Sun yi aikin a ɓoye, suna musanta duk jita-jita. Ran 4 ga Fabrairu, 2013, suka ba da sanarwar komowa da sabuwar waƙa da ranakun rangadi gaba ɗaya. Hoton da suka fitar ya nuna su suna ƙona tsofaffin faya-fayansu a inda tsohon filin wasa na Comiskey yake a Shikago, wurin da aka yi taron farfasa faya-fayan disko a 1979. Saƙon a fili yake: kada kowa ya sa ran jiya za ta dawo. Faifan Save Rock and Roll ya fito a watan Afrilu, da muryar Elton John a waƙarsa ta ƙarshe, ya kuma hau matsayi na ɗaya.

Domin a fahimci salon da suka komo da shi, dole a dubi kasuwa. A 1999 cinikin faya-fayan kiɗa a Amurka ya kai dala biliyan 14.6. Ya zuwa 2014 ya faɗi zuwa kimanin rabin haka, saboda kwafar waƙoƙi kyauta ta intanet da mutuwar kantunan faifai. Gidajen rediyon samari kuma sun daina sa kiɗan jita. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Sai ƙungiyar ta koma yin waƙoƙi masu babban amshi, masu haɗa jita da sautin na'ura, irin waɗanda suka dace da filin ƙwallo da majigi. Tashar wasanni ta ESPN ta yi ta amfani da waƙarsu Centuries wajen tallan gasar ƙwallon jami'o'i, kamfanin Disney kuma ya sa wata waƙarsu cikin fim ɗin Big Hero 6 a 2014. Faifan American Beauty/American Psycho na 2015 da Mania na 2018 duk sun hau matsayi na ɗaya, watau sau huɗu ke nan suna hawa. Tsofaffin masoya da yawa sun yi tsaki, musamman a kan Mania, amma waɗansu sababbin yara da ba su san zamanin ƙaramar bas ba suka cika filayen.

A 2021 suka yi rangadin manyan filaye tare da Green Day da Weezer, bayan annobar korona ta jinkirta shi. A watan Maris na 2023 suka fitar da So Much (for) Stardust, suka koma kamfanin Fueled by Ramen bayan shekara 20, suka kuma dawo da Neal Avron, wanda ya tsara musu sauti a shekarun ɗaukakarsu. Jita ta dawo gaba. Amma abin da ya fi jan hankalina ya faru ne a watan Janairu na wannan shekara, sa'ad da Trohman ya fito fili ya ce zai ja da baya na ɗan lokaci domin ya kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsa. 'Yan'uwansa suka goyi bayansa, masoya suka yi masa fatan alheri, bayan 'yan watanni ya komo bakin aikinsa. A kwatanta wannan da mutumin da ya zauna cikin mota shi kaɗai a 2005, za a ga irin nisan da aka yi.

KAMMALAWA

To, mawaƙi na wa ne? Tarihin nan ya gwada mana amsoshin uku ɗaya bayan ɗaya. Masoyan farko suna da gaskiya cewa su suka ɗauki ƙungiyar a kafaɗa, har suna ma su suka tabbatar mata. Amma abin da suke nema a wurinta shi ne ta tsaya cak a shekarar da su suke 'yan shekara 16, wannan kuwa ba ya yiwuwa ga mai rai. Kamfani yana da gaskiya cewa ba don kuɗinsa ba da muryar ba ta wuce Shikago ba, amma kamfani ba ya tambayar lafiyar kaza muddin tana ƙwai. Mawaƙi kuma yana da gaskiya cewa ransa ne yake zubawa, amma Stump ya gwada zama na kansa shi kaɗai, ya ga yadda zaure ke zama in babu kowa a ciki.

A ganina, abin da ya tsirar da waɗannan mutane shi ne amsa ta huɗu wadda ban ambata a farko ba. Sun gane cewa kafin su zama na kowa, na junansu ne. Tun 2003 mutum huɗun nan ne, ba a sauya ko ɗaya ba, abin da ba kasafai ake samu ba a wannan sana'a. Da suka komo a 2013 sun gyara zamansu, aka buɗe wa Trohman ƙofar tsara waƙa, Wentz ya rage tsayawa gaban 'yan jarida shi kaɗai. Sai da suka daidaita tsakaninsu sa'an nan suka iya yin ciniki da kamfani ba tare da sun narke ba, suka kuma iya jure fushin masoya ba tare da sun watse ba.

Ga ɗalibai, ina fatan in kun ji sabon kiɗa, na gida ko na waje, za ku riƙa tambaya: wa ya biya kuɗinsa, wa ke saurarensa, kuma wace ƙishirwa yake kashe musu? Ga ma'aikata kuma, in kun ga samari sun taru a kan wata waƙa da ba ku gane ba, ku fara da tambayar abin da suka ji a cikinta kafin ku ɗauki alƙalamin hani.

Mai girma Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.